A auna rediyon neman agaji daga bakin rijiya

 

Maganarmu ta yau a kan rediyon neman agaji ce. Kowa ya san in kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso, wutar daji kan lashe cikin wuni guda abin da bisashe za su ci har rani. Mai kiwo tsakanin Abalak da Cintabaraden, ko arewacin Tanut, shi ne farkon ganin hayaƙi. To, wa zai gaya wa, kuma da me? Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17, amma salula ba ta da amfani inda babu rezo.

Rediyon magana iri biyu ne, ya kamata mu san su. Ƙaramin na hannu, wato VHF, muryarsa miƙe take tafiya, tudu na tare ta. Kilomita kaɗan yake kaiwa, sai in an kafa masa na'urar ƙara zango bisa dogon ƙarfe. Babban, wato HF, irin wanda hukuma ke kira RAC, muryarsa kan hau sama ta dawo ƙasa, ta kai ɗaruruwan kilomita, amma layin rana daban, na dare daban. Shi ne ya dace da ƙasar kiwo.

Ga roƙonmu. In za a binciki lafiyar rediyon nan, kar a tsaya cikin biro ana ƙidaya akwatuna. A zo bakin rijiya a yi kira, sa'an nan a amsa tambaya huɗu.

Ta farko: kiran ya isa? Mu ne muka san kwarin da murya ke ɓacewa. Garso su raka ma'aikata, a rubuta wuraren.

Ta biyu: wa ke saurare da tsakar dare da ranar kasuwa? Faifan hasken rana da batir suna da rai?

Ta uku: jandarma, ma'aikatan daji da likita suna jin juna? In kowa na kan layinsa, labari zai kwana a hanya. A ware layi guda na gaggawa.

Ta huɗu: da wane harshe? Wanda wuta ta biyo ba ya neman tafinta. A samu mai jin Fulatanci, Buzanci da Hausa.

Tun da aka buɗe rediyon karkara na Bankilare a 1999, irinsa sun yawaita. Su ma a haɗa su da layin, su yi shela nan take, masu nisa su kau da garke.

Mu ma da namu nauyi. Kowace babbar rijiya ta fid da mutum biyu a koya musu kira: sunan wuri, inda iska ta nufa, mutum nawa ke cikin haɗari. Kar a mai da rediyo wurin gaisuwa da cinikin raguna. A gwada shi kowane mako, tun ciyawa na ɗanya, lokacin da ake shirin share hanyoyin tare wuta. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da haƙƙinmu na yawon kiwo, amma haƙƙi ba ya ciyar da saniya a kan toka.

Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu.