Tsakanin Sokawe Da Rijiya: Jawabi Ga Masu Gidaje Da 'Yan Kasuwa Na Jos

Maganar da muka zo da ita yau ba mai daɗin ji ba ce, amma tunda babu gidan da ba ta shafa ba, sai a yi haƙuri da mu.

Duk wanda ya taɓa haƙa rami a Jos ya san ƙasarmu. Ka sa diga ƙafa kaɗan, sai ka ci karo da dutse. Ga ruwan sama da yakan kai milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. To, ruwan nan idan ya sauka ba ya nitsewa can ƙasa, sai ya kwanta a kan dutsen yana bin tsagoginsa daga gida zuwa gida. Shi ya sa rijiyoyinmu na Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo suke cika da damina har a ɗebo da gajeriyar igiya. Muna murna, alhali ruwan da ya cika rijiyar shi ne ya cika shaddar maƙwabci.

Ma'aikatan lafiya sukan ce a bar ratar mita 30, wato kamar ƙafa 100, tsakanin rijiya da masai. Ku gaya mana, jama'a, a fulotin ƙafa 50 da 100 da aka raba wa magada huɗu, ina za a samo wannan rata? Babu ita. Saboda haka abin da ya rage mana shi ne kula da ramin kansa.

Abin da muke kira sokawe a dunƙule rami biyu ne. Na farko tanki ne da ake shafe shi da siminti ciki da ƙasa don kada ya yi yoyo. A nan kashi yake kwantawa, ƙwayoyin halitta suna narkar da shi. Na biyun shi ne ake barin ƙofofi a jikin bulonsa domin ruwan da ya tace ya tsotse cikin ƙasa. Idan aka bar na farko ya cika, laka takan tsallaka ta toshe na biyu, daga nan sai wari, sai ruwa ya riƙa dawowa ban ɗaki. Wani magini kuma don rage kuɗi rami ɗaya yake yi, ya rufe da silab, ya ce an gama. Wannan shadda ce kawai aka sa wa hula.

A buɗe murfi a duba sau ɗaya a shekara, da rani, a zura doguwar gora a ga inda laka ta kai. In ta kusa rabi, a kira motar yasa tun Maris ko Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Gida mai 'yan haya da yawa ba ya wuce shekara 2 ko 3. Mai gida ya daina jira sai ta fashe sannan a hau gardamar wa zai biya. A rubuta shi cikin yarjejeniyar haya tun farko. Kada a zuba baƙin mai ko kananzir wai don ta sauka, kashe masu narkar da kashin suke yi, su kuma gangara rijiya. Leda da tsumma da kunzugun yara ba sa narkewa. Masu gidajen abinci da mahauta su yi ɗan akwatin tare maiƙo kafin ruwan wanke-wanke ya shiga bututu. Kuma don Allah kada kowa ya shiga ramin da kansa. Iskar da ke ciki takan sumar da mutum nan take, mai shiga ceto ma ya bi shi.

Sai babbar maganar, wadda duk mun sani muna kawar da kai. Akwai masu jiran ruwan dare su buɗe sokawe su sake shi cikin lambatu. Ina yake zuwa? Rafin Dilimi, inda ake ban ruwan latas da kabeji da karas ɗin da muke saya. Ba mu manta ambaliyar Yuli 2012 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 30 a Rikkos da Gangare da kewaye, ruwa ya haɗe masai da rijiya. A 2021 kuma kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Filato na cikin jihohin da ta taɓa. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake leƙa har randa. Yau mai unguwa da maƙwabta ne ya kamata su yi magana, tun da lallashi, in ya ƙi a kai ga hukumar tsabtace muhalli ta jiha.

Rijiya kuwa a ɗaure bakinta da siminti, a ɗaga shi sama da ƙasa, a yi mata murfi da guga guda mai wurin ratayewa. In ta canja launi ko ta yi wari bayan ruwa, a tafasa kafin a sha.

Muna ba da shawarar kowane layi ya haɗa gidaje biyar ko shida su kira mota rana ɗaya, domin a sami ragi. Masu so su ba da sunayensu bayan an tashi.