Digirin Aikin Jarida: Abin da Takarda Ke Nema da Abin da Jama'a Ke Buƙata

 

An nemi in yi magana kan sharuɗɗan karatun aikin jarida a jami'a, kuma Abuja ce ta fi dacewa da wannan magana. A Maitama Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, take, ita ce mai tsara manhaja. A Bwari hedikwatar JAMB take, ita ce mai tsaron ƙofar shiga. A Garki kuma ga Rediyon Tarayya da NTA, inda ake gwada abin da aka koyo. Zan fara da sharuɗɗan da ke rubuce, sannan in zo ga waɗanda nake ganin ya wajaba a rubuta.

Ƙofar shiga

Mai neman gurbi yana buƙatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, a zaman da bai wuce biyu ba, ciki har da Turanci da Lissafi. Galibin jami'o'i suna neman Adabin Turanci. A jarrabawar JAMB zai rubuta darussa 4: Turanci, Adabin Turanci, da wasu biyu daga ɓangaren adabi ko zamantakewa, gwargwadon abin da jami'ar ta gindaya. Wanda ya shiga ta wannan hanya zai yi shekara 4. Mai difloma ko NCE ko sakamakon IJMB yakan fara daga aji biyu, ya yi shekara 3. Kafin a ba shi digiri sai ya cika aƙalla raka'a 120 ta kwasa-kwasai, ko 90 ga wanda ya faro daga aji biyu, ya je koyon aiki a wata kafa, ya kuma rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe.

Iyaye, a nan ake yawan yin tuntuɓe. Yaro ya taso da sha'awar rediyo, amma ba wanda ya gaya masa ya ɗauki Adabin Turanci tun farkon babbar sakandare. Sai ranar cike fom ya tarar ƙofa a rufe. Wannan shawara ce ta minti biyar, amma rashinta yana cin shekara guda ko fiye.

Yadda aka zo nan

Aikin jarida ya girmi digirinsa. A 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, editanta Malam Abubakar Imam malamin makaranta ne da Kwalejin Katsina ta horar. Sai a 1961 Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe makarantar aikin jarida ta farko a matakin jami'a, Jami'ar Legas ta biyo baya, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta buɗe nata sashen a 1978. Shekara da shekaru digiri ɗaya ne ya ɗauke komai: labarai, rediyo, talabijin, talla da hulɗa da jama'a.

A 2020, zamanin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, NUC ta raba wannan digiri gida 7: aikin jarida, watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, da nazarin bayanai da kafafen yaɗa labarai. Farfesa Umaru Pate yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka kan wannan gyara. A Disambar 2022 kuma aka ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, wadda a cikinta NUC ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da mutanenta. A kan wannan kashi 30 nake son mu tsaya, domin a nan ne ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.

Sharaɗi na farko: harshen mai sauraro

Muna tace ɗalibi da Turanci, mu koyar da shi da Turanci, mu yaye shi da Turanci. Amma ina zai yi aiki? Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957. Ga DW, ga RFI, ga Rediyon Tarayya na Kaduna, ga Freedom Radio da ta fara a Kano a 2003, ga Arewa24, ga jaridar Aminiya da ake bugawa a nan Abuja. Duk editan da ke cikin wannan zaure ya san wahalar samun matashi mai digiri da zai rubuta labarin minti biyu da Hausa mai tsabta, ya bi ƙa'idar rubutu, ya bayyana hukuncin kotu ko rahoton likita yadda tsohuwa a Kuje za ta fahimta. Tashi da harshe a baki daban, aiki da shi daban.

Wannan ba maganar ado ba ce, maganar rayuka ce. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka wasu ƙasashe. Da harshen gida jita-jitar ta yaɗu, da harshen gida kuma sarakuna da malamai da gidajen rediyo suka shawo kanta. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Don haka ina kira da a wajabta rubuta labari da gabatar da shiri cikin harshen gida, Hausa ko Gbagyi ko Fulatanci ko wanda ɗalibi ya zaɓa, tun daga aji biyu har zuwa aji huɗu, tare da haɗin gwiwar sassan harsunan Nijeriya.

Sharaɗi na biyu: doka a aikace

Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa buƙatar mai neman bayani. Ɗalibanmu sukan haddace wannan don jarrabawa. Ni kuwa ina son kada a yaye ɗalibi sai ya rubuta irin wannan takarda da hannunsa, ya kai ta wata ma'aikata, ya bi sawunta, ya kawo rahoton abin da ya faru. Ya kuma san sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi har aka yi masa gyara a 2024. Wanda bai san iyakarsa ba, ko dai ya faɗa rami ko tsoro ya rufe masa baki.

Sharaɗi na uku: lissafi da tantancewa

Mun nemi kiredit a Lissafi a bakin ƙofa, daga nan muka manta da shi. Alhali kowace shekara ana kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Tarayya, kuma ɗan jaridar da ba ya iya bambanta kuɗin da aka ware da kuɗin da aka saki zai maimaita abin da aka faɗa masa ne kawai. Haka nan hoton bogi da muryar bogi suna yawo a WhatsApp da Facebook kafin gari ya waye. Kafa irin Dubawa ta nuna cewa tantance labari sana'a ce da ake koyo. Wurinta aji ne, ba taron bita na yini biyu ba.

Kammalawa

Ga majalisun jami'o'inmu: ku cike kashi 30 ɗin nan da waɗannan abubuwa uku. Ga masu gidajen jarida: ɗalibin da ya zo koyon aiki a ba shi na'urar ɗaukar murya a tura shi kasuwa da kotu, a kuma zauna a gyara masa rubutunsa. Ga ɗalibai: cika raka'a 120 zai ba ku takarda, amma Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mai gwada ku shi ne manomin da ya kunna rediyo da asuba yana son ya ji gaskiyar farashin taki. Haƙƙinsa ne ya same ku a shirye.