Gwani Shi Kaɗai da Gwani Cikin Jama'a: Gasar Ƙungiyoyi a Wasan Golf



Mu da zama ya kai mu birane mun saba wucewa ta gefen filayen wasan golf, a Kaduna ko Kano ko Jos ko Abuja, mu hango mutum sanye da hular hana-salla yana tafe cikin ciyayi, wani yaro na biye da shi ɗauke da jakar sanduna. Da yawa daga cikinmu kan ɗauke kai, mu ce wannan sha'anin masu hannu da shuni ne. A yau muna roƙon a ba mu aron kunnuwa na ɗan lokaci, domin akwai wani ɓangare na wannan wasa da ya cancanci a tsaya a dube shi, wato gasar da ake yi ƙungiya da ƙungiya.

Asalin golf wasan mutum ɗaya ne. Fili yana da rami 18, ɗan wasa yana da damar ɗaukar sanduna har 14, kuma abin da ake nema shi ne ya kai ƙwallonsa cikin kowane rami da mafi ƙarancin bugu. Ba wanda zai miƙo masa ƙwallo, ba wanda zai tare masa abokin hamayya. In ya yi kuskure nasa ne, in ya ci kuɗi aljihunsa za su shiga. To, me ke faruwa idan aka tara irin waɗannan mutane da suka saba da kaɗaici, aka sa musu riga iri ɗaya, aka ce su yi wa ƙasa ko nahiya wasa? Wannan ita ce tambayar da za mu bi.

Mafi shahara a cikin waɗannan gasanni ita ce ta Kofin Ryder. Samuel Ryder Bature ne ɗan kasuwa a garin St Albans na Ingila, wanda ya yi arziki da sayar da irin shuka a 'yan ƙananan ƙunshi na kwabo-kwabo, kuma bai fara golf ba sai da ya doshi shekara 50. Shi ya ba da kofin zinariya domin ƙwararrun Birtaniya su riƙa karawa da na Amurka. An yi karon farko a 1927 a garin Worcester na jihar Massachusetts, inda Amurka ta ci da maki 9½ da 2½. Daga nan ake yin gasar duk bayan shekara biyu, wannan karo a wannan ɓangare na Tekun Atalantika, karo na gaba a wancan.

Ga yadda tsarin yake a yau. Kowane ɓangare yana kawo 'yan wasa 12 ƙarƙashin kyaftin, a yi karawa 28 cikin kwana uku. Ana lissafi ne rami-rami: wanda ya fi cin ramuka shi ya ci karawar, ya samu maki ɗaya, in kuma aka yi kunnen doki a raba rabi-rabi. A kwana biyun farko ana wasa biyu-biyu, ta hanya biyu. A ta farko kowa da ƙwallonsa, sai a ɗauki sakamakon wanda ya fi kyau a cikin abokan biyu. A ta biyu kuwa ƙwallo ɗaya ce tsakaninsu, suna bugun karɓa-karɓa: in abokinka ya jefa ta cikin rairayi ko gindin itace, kai za ka fito da ita. A rana ta uku kowa ya fuskanci nasa abokin karawa. Ana bukatar maki 14½ kafin a ci kofin, amma wanda yake riƙe da shi 14 sun ishe shi ya ci gaba da riƙewa.

Shekaru hamsin na farko sun kasance na baƙin ciki ga Birtaniya. Daga 1927 zuwa 1977 an kara sau 22, Amurka ta ci 18, Birtaniya ta ci 3 kacal, a 1929 da 1933 da 1957, aka yi canjaras sau ɗaya. Har ta kai mutane sun fara ƙosawa da gasar da aka san ƙarshenta tun kafin a fara. Abin sha'awa, daga ɓangaren masu nasara shawarar gyara ta fito. Jack Nicklaus, gwarzon Amurka, ya ba da shawara a 1977 cewa a faɗaɗa ƙungiyar abokan hamayyarsu ta haɗa da duk nahiyar Turai, aka kuma yi hakan daga 1979. Ta wannan ƙofa Seve Ballesteros na Sifaniya ya shigo. Turai ta ci a 1985 a filin Belfry na Ingila ƙarƙashin kyaftin Tony Jacklin, sannan a 1987 ta ci Amurka a gidanta karo na farko, a filin Muirfield Village wanda shi kansa Nicklaus ya tsara. Daga 1979 zuwa 2025 an kara sau 23: Turai 13, Amurka 9, canjaras ɗaya. Rabon Amurka da cin kofin a ƙasar Turai tun 1993.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari, domin sau da yawa idan aka duba jerin gwanayen duniya, 'yan Amurka ne suka fi yawa a sama. Mu ɗauki Tiger Woods, wanda mutane da dama ke ganin babu kamarsa a zamaninsa. Ya halarci Kofin Ryder sau 8, ya ci karawa 13, aka cinye shi 21, ya yi kunnen doki 3, kuma sau ɗaya tak ƙungiyarsa ta ɗauki kofin yana ciki, a 1999. A 2004 kyaftin Hal Sutton ya haɗa shi da Phil Mickelson, yana ganin ya haɗa zakuna biyu da ba mai iya tsayawa gabansu. A rana guda aka doke su sau biyu, safe da yamma, daga ƙarshe Turai ta ci da 18½ da 9½. Mu kwatanta wannan da Ballesteros da ɗan ƙasarsu José María Olazábal, waɗanda suka yi wasa tare sau 15, suka ci 11, suka faɗi 2, suka raba 2. Babban yana jan ƙaramin, ƙaramin yana rufa wa babban asiri. Mu da muka san gayya a gona mun san cewa tara ƙarfafa ba shi ke gama kunya ba, sai an samu waɗanda saransu ya zo ɗaya.

Nauyin jama'a kuma ya fi nauyin kai. A 1991 a tsibirin Kiawah, makomar kofin gaba ɗaya ta rataya a kan bugu ɗaya na Bernhard Langer ɗan Jamus, daga tazarar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. Ƙwallo ta goge bakin rami ta wuce, Amurka ta ci da 14½ da 13½. Mutum ne da ya riga ya ci manyan gasanni shi kaɗai, amma a ranar hawayen mutum goma sha ɗaya yake ɗauke da su ban da nasa. A 2012 kuwa a Medinah kusa da Chicago, Turai ta shiga ranar ƙarshe tana baya da maki 6 da 10. Kyaftin ɗinta Olazábal ne, amininsa Ballesteros ya rasu shekara guda kafin nan, 'yan wasan kuma suka fito da hoton siffarsa a jikin kayansu. Suka juya wasan, suka ci da 14½ da 13½.

Bugu da ƙari, gasar ƙungiya takan fito da dattakun da ba a cika gani ba a wasan neman kuɗi. A 1969 a Royal Birkdale, maki sun zo daidai, karawar ƙarshe tsakanin Nicklaus da Jacklin ta kai rami na 18. Nicklaus ya saka tasa ƙwallo, ta rage wa Jacklin ɗan gajeren bugu, wanda in ya kuskure shi zai zama abin nuni a ƙasarsa har tsufansa. Sai Nicklaus ya sunkuya ya ɗauke alamar ƙwallon Jacklin, wato ya yafe masa bugun. Aka tashi 16 da 16. Irin wannan ya sake faruwa a nahiyarmu a 2003, a filin Fancourt na Afirka ta Kudu, a gasar Kofin Shugabanni wadda aka fara a 1994 tsakanin Amurka da sauran ƙasashen duniya ban da Turai. An tashi 17 da 17, aka tura Woods da Ernie Els su raba gardama, suka yi rami uku ba wanda ya kayar da wani har duhu ya rufa. Kyaftin biyu, Nicklaus da Gary Player, suka amince a raba kofin maimakon a ɗora wa mutum ɗaya kunyar ƙungiya.

Kada mu manta da masu yin wasan don sha'awa, waɗanda ba da shi suke cin abinci ba, domin su suka riga ƙwararru. Kofin Walker, tsakanin Amurka da Birtaniya da Ailan, an fara shi a 1922, kuma sunan George Herbert Walker ne, kakan shugaban Amurka George Bush babba. A nan matasa ke koyon ɗaukar nauyin tuta. Woods ya buga shi a 1995, Rory McIlroy a 2007. Mata masu sha'awa suna da Kofin Curtis tun 1932, ƙwararrunsu kuma suna da Kofin Solheim tun 1990. Akwai kuma Kofin Eisenhower na ƙasashen duniya, wanda aka fara a St Andrews a 1958, Ostireliya ta fara ɗauka.

Jama'a, ga inda gizo yake saƙa. Kusan shekara ɗari Kofin Ryder yana tinƙaho da cewa attajiran 'yan wasa suna zuwa su yi gumi ba tare da ladan aljihu ba. A 2025 aka sauya: an ware wa kowane ɗan wasan Amurka dala dubu 500, dubu 300 domin ayyukan jinƙai, dubu 200 kuma ya yi yadda ya so. Masu goyon baya suna da hujja, domin gasar tana tara maƙudan kuɗi, kuma tikitin shiga na rana ɗaya a waccan shekara ya kai dala 750. 'Yan Turai suka ce su ba sa bukata. A filin Bethpage na New York, gaban 'yan kallon da suka yi ta yi musu ihu da baƙar magana, Turai ta ci da 15 da 13 ƙarƙashin kyaftin Luke Donald. Ba za mu ce rashin karɓar kuɗi ne ya ba su nasara ba, domin a ranar ƙarshe Amurka ta taso da ƙarfi har ta kusa kamo su. Sai dai tambayar tana nan tana jiran amsa: abin da aka gina a kan kishi, idan aka sa masa farashi, zai ci gaba da zama yadda yake?

A taƙaice, abin da tarihin waɗannan gasanni ya nuna mana shi ne, gwani shi kaɗai daban, gwani cikin jama'a daban. Na farko ana auna shi da abin da ya tara, na biyu kuwa da yadda ya fitar da ƙwallon da ɗan uwansa ya jefa cikin rairayi ba tare da ya harare shi ba. Magabata sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga shi kuma wasan da aka ƙirƙira domin hannu ɗaya ya zo ya gaskata su.