Wasannin telebijin na dā

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci



Telebijin ta shigo Nijar a 1964, don karatun ƴan lakwal. A 1979 Tele-Sahel ta fara aiki don kowa da kowa. Gwamnati ta kai ma ƙauyuka akwatunan kallo masu aiki da hasken rana, akwati guda na gari duka.

In dare ya yi sai a shimfiɗa tabarmi, yara gaba, manya baya. Abin da aka fi jira shi ne wasan Yazi Dogo da ƙungiyarshi ta Damagaram. Suna nuna zaman gida: rikicin kishiyoyi, auren dole, tsadar biki. A yi dariya har da hawaye, amma kowa ya ga gidanshi ciki. Da safe mata su tada zancen bakin rijiya, maza kuma a dandali. Ta haka maganar da ake jin nauyin faɗi take fitowa fili.

Yau kowa da wayarshi, yana kallo shi kaɗai. Taron nan ne tsofaffi suke bege.

Saboda haka, wanda ya iya rubutu ya zauna da tsoho, ya rubuta wasa guda da tsohon yake tunawa. A karanta shi cikin aji, samari su kwaikwaya gaban jama'ar gari.