Gudan Jini a Huhu: Jawabi ga Jama'a



Maganata ta yau a kan wata cuta ce wadda kan yi kisa cikin sa'o'i kaɗan, amma tana jin magani idan an gaggauta. Ita ce toshewar jijiyar huhu da gudan jini.

Galibi daga ƙafa take farawa. Jini yakan daskare cikin jijiyar ƙafa ko ta cinya, sai gudan ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya, ya je ya maƙale a huhu. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne wanda aka yi wa aiki a asibiti, da wanda ya karye ya daɗe a kwance, da mai ciwon daji, da mace mai ciki, da mai jego har mako 6 bayan haihuwa, da matafiyin da ya wuce sa'a 4 zaune cikin mota ko jirgi bai motsa ba.

Ku lura da alamunta: numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ƙirji ya riƙa suka in an ja iska, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wani lokaci tari da jini ko suma. Sau da yawa ƙafa ɗaya takan riga ta kumbura tana zafi. Kada a ce sanyi ne, kada a tausa ƙafar, kada a jira gari ya waye. A kai mutum asibiti nan take.

Idan ƙaramin asibiti ne, a nemi takardar turawa zuwa babba, irin su Asibitin Ƙasa na Abuja, ko asibitocin koyarwa na Ibadan, Zariya da Kano. A can likitoci za su auna jini, su ɗauki hoton CT na jijiyoyin huhu. Za a ba majinyaci iskar oksijin in yana bukata, a fara masa allurar heparin, wadda ke hana gudan ƙaruwa har jiki ya narkar da shi. Idan gudan babba ne har bugun jini ya faɗi, akwai allura mai ƙarfi ta narkar da shi, wani lokaci ma sai an yi aiki.

Bayan sallama, za a ci gaba da shan ƙwaya, kamar warfarin ko rivaroxaban, aƙalla wata 3. Mai shan warfarin dole ya riƙa zuwa gwajin jini. Mai ciki kuwa allura ake yi mata, domin warfarin na iya cutar da ɗan tayi. Wanda ke kan wannan magani jininsa ba ya saurin tsayawa, saboda haka ya guji ƙaho da tsaga, kada kuma ya sha asfirin ko maganin gargajiya sai da izinin likita.

Mutane da dama sukan bar magani da zarar sun ji sauƙi, gudan kuwa yana iya dawowa. Ku shanye shi har ranar da likita ya ce a tsaya.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.