Bizar Mai Aiki Daga Nesa: Jawabi Ga Matasanmu Na Agege



Dalilin da ya sa muka nemi a ba mu wannan ɗan lokaci shi ne, a 'yan watannin nan babu makon da zai wuce ba a zo mana da maganar biza ba. Yaranmu da dama sun koyi sana'ar kwamfuta. Wani yana zane, wani yana fassara, wani yana haɗa manhaja, suna yi wa mutanen ƙetare aiki ta intanet ana biyansu da dala, alhali suna zaune a nan cikinmu. Tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023, kowa ya ga amfanin wannan sana'a. To yanzu kuma sun ji an ce akwai ƙasashen da ke ba irinsu iznin zama, shi ne hankali ya tashi.

Maganar gaskiya ce, akwai irin wannan biza. Ta yawaita ne a shekarar 2020, lokacin annobar korona, da baƙi suka daina zuwa yawon buɗe ido. Tsibirin Barbados ya buɗe tasa ta wata 12 a shekarar, ya ce sai mai samun dala 50,000 a shekara, kuɗin bizar kuma dala 2,000 ga mutum guda. Estoniya da Dubai su ma sun buɗe tasu ta shekara guda a 2020 ɗin. Fotugal ta biyo baya a 2022, ta ce sai wanda ke samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wato yuro 3,480 a wata bisa lissafin 2025. A nan Afirka, Namibiya ta fito da ta wata shida a 2022, ga mai samun dala 2,000 a wata.

To jama'a, ku lura da abin da waɗannan ƙasashe ke nufi. Ba aiki za su ba ka ba. Cewa suke yi ka zo da aikinka da kuɗinka, ka kama haya, ka ci abinci, ka kashe a wurinsu, amma kada ka taɓa aikin 'yan ƙasa. Wanda bai riga ya kafu a sana'arsa ba, wannan biza ba tasa ba ce tukuna.

Mu kam bai kamata abin ya zo mana baƙo ba. Kakanninmu da suka zo Agege da Shagamu fataucin goro, ai ba haka kawai suka faɗo gari ba. Kowane baƙo sai ya sauka wurin maigida wanda ya san shi, ya san jarinsa, zai kuma tsaya masa in magana ta taso. Yau takarda ce ta maye gurbin maigida. Za a nemi fasfo mai sauran kwana, da bayanin asusun banki na watanni da ke nuna shigar kuɗi a kai a kai, da yarjejeniyar aiki tsakaninka da masu ba ka aiki, da inshorar lafiya, da takardar 'yan sanda mai shaidar ba ka da laifi. Wasu ƙasashen har sai an kai takardun Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an buga musu hatimi.

A nan ne yaranmu suke tuntuɓe. Da yawa kuɗinsu ta hannun aboki yake shigowa, ko su canzar a wurin 'yan canji ba tare da ya bi ta asusunsu ba. Ran da aka ce kawo shaida, sai ido ya raina fata. Saboda haka duk mai wannan buri, tun yau ya buɗe asusun dala da sunansa, ya riƙa ajiye takardar kowane aiki da ya yi.

Sai kuma maganar da ta fi ci mana rai, wato 'yan cuwa-cuwa. Bara wani yaronmu, ba sai mun kama suna ba, ya sa mahaifinsa ya sayar da fili a gida, aka damƙa wa wani ejan kuɗin. Ejan ya ara masa kuɗi a asusu na kwana biyu don a buga takardar banki. Ofishin jakadanci ya gano, aka hana biza. Ba kuɗi, ba fili, ga tabo a sunansa wanda zai bi shi duk inda ya sake nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Babu ejan ɗin da ke ba da biza, ƙasa ce ke bayarwa, kuma kowace ta rubuta sharuɗɗanta a shafinta na intanet, ana canza su lokaci lokaci. A karanta da kai, ko a kawo mu duba tare.

Haka nan kada wani ya ruɗe ku ya ce ku shiga da bizar ziyara ku ɓace. Bizar ziyara ta yankin Shengen kwana 90 ce cikin kwana 180. Wanda ya zarce, ya zama abin farauta, ya kuma ɓata wa na baya hanya. Ku tuna yadda Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Nijeriya ƙofar biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024, mai laifi da marar laifi duka suka sha. Sannan a sani, a Fotugal wanda ya wuce kwana 183 a shekara, haraji ya hau kansa.

Daga ƙarshe, ba mu hana kowa tafiya ba, mu da kanmu 'ya'yan matafiya ne. Amma a yi lissafi. Dala dubu a Agege ta riƙe gida har da aike wa tsofaffi, a Lisbon kuwa haya kaɗai za ta lashe ta. Mai son gwaji, ga Gana nan kusa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu kwana 90 ba biza, kuma akwai 'yan'uwanmu a zangon Nima da ke Akara. Iyaye kuma muna roƙonku, kafin a sayar da gona ko fili, a zo ofishin ƙungiya a yi shawara. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.