La Boum: Fim ɗin Yarinyar da Iyayenta Ba Su da Lokacinta



An ba ni minti kaɗan in yi magana a kan wani fim, sai na zaɓi na ƙasar Faransa mai suna La Boum, wanda ya fito a watan Disamba na 1980. Ma'anar sunan ita ce 'yar walimar rawa da samari da 'yan mata kan shirya a gidan ɗayansu. Claude Pinoteau ne ya ba da umurni, shi da Danièle Thompson suka rubuta labarin, kuma mutane fiye da miliyan 4 suka shiga silima suka kalle shi a Faransa kaɗai.

Labarin Vic ne, yarinya 'yar shekara 13 da ta shiga sabuwar makaranta a birnin Paris. Ba ta da wani buri sai a bar ta ta je walima. Da ta samu zuwa, sai ta haɗu da wani yaro, Mathieu. Ana cikin hayaniyar kiɗa ya zo ta bayanta ya sanya mata abin sauraren kaset a kunne, su biyu suka shiga rawa a hankali, sauran suna ta tsalle. Waƙar da ta ji ita ce Reality, wadda Vladimir Cosma ya tsara, Richard Sanderson ya rera. Irin wannan rawa dai ba al'adarmu ba ce, kuma ba tallarta na zo yi ba.

Abin da ya kama ni shi ne iyayen. Uban likitan haƙori ne, uwar kuma mai zanen barkwanci. Suna son 'yarsu, babu shakka. Amma uban yana neman wata a waje, har ya ɗaura filasta a ƙafa ya ce karaya ya yi don ya rufe ƙaryarsa. Da asiri ya tonu, uwar ta je kantin turaren matar ta farfashe kwalabe, daga baya ita ma ta fara hulɗa da malamin Jamusancin 'yarta. Ana ta dariya, amma a duk tsawon wannan rigima babu wanda ya zaunar da Vic ya ji damuwarta. Sai Poupette, tsohuwar da Vic take tattaɓa-kunnenta, ita ce mai sauraro da ba da shawara, har da shawarar da ba ta kamata ba. Denise Grey, wadda ta fito a matsayin tsohuwar, ta haura shekara 80 a lokacin, kuma a ganina ta fi kowa iyawa a fim ɗin. Mu da muka shaƙu da kakanni ba sai an fassara mana wannan ba. Yanzu kuwa da yawanmu mu ne iyayen, wasunmu ma kakannin.

Sophie Marceau, wadda ta fito a Vic, ba ta taɓa yin fim ba kafin wannan. Aka yi kashi na biyu a 1982, ta sami kyautar César a 1983, daga baya ta fito a Braveheart a 1995.

Soyayyar fa? A walimar cikarta shekara 14, bayan duk kukan da ta sha a kan Mathieu, wani yaro daban ya shigo, fim ya ƙare tana rawa da shi.